Folda ɗaya nake nema a tef, dole ne sai na kwaso sabar gaba ɗaya?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sabarmu ta ajiye fayiloli a kan VMware take (manhajar da ke tafiyar da sabar a cikin wata kwamfuta), kimanin TB 6, kuma duk mako muna kwafe ta dungurungum zuwa tef ɗin ajiyar bayanai samfurin LTO-8. An goge wata folda makonni uku da suka wuce, sai yau aka farga. Akwai yadda zan ciro ita kaɗai?

Hajiya Bilki: Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa tef, ka duba Shadow Copies, wato tsofaffin kwafin fayiloli da Windows ke ajiyewa a faifai, idan Windows ce. Wani lokacin abin yana nan zaune.

Nasiru: Na duba Hajiya, ba a taɓa kunna shi ba.

Malam Habu: To ka shirya haƙuri. Tunda faifan dungurungum aka kwafa, abin da ke kan tef ƙaton fayil ne mai ɗauke da VMDK (fayil ɗin da VMware ke amfani da shi a matsayin faifan sabar), foldarka tana cikinsa a ƙulle. Shi kuwa tef a jere ake karanta shi, ba ya tsalle kamar faifai. Sai ka sauke kwafin a wani faifai mai fili, ka buɗe shi da manhajar da ta yi ajiyar, sannan ka tsinci foldar. LTO-8 yana gudun kusan MB 360 a daƙiƙa in komai ya yi daidai, wato TB 6 zai ci kusan awa 5, kuma da wuya komai ya yi daidai. In kuma kuna kwafar sauye-sauye kawai a tsakiyar mako, sai ka haɗa da cikakken kwafin da duk waɗanda suka biyo shi har ranar da kake so.

Sadiya: Ka tura ɗan makullin hana rubutu da ke jikin kaset ɗin kafin ka saka shi. Na taɓa mantawa, aikin dare ya zo ya rubuta a kansa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Nasiru: Malam, filin TB 6 ɗin ne ba ni da shi.

Malam Habu: Aro za ka yi, ko faifan waje ne. Kada dai ka mayar da shi a kan sabar da ke aiki, za ka shafe aikin mutane na makonni uku.

Usman: Ƙari kan na Malam: in an kunna rage maimaici na Windows (tsarin da ke ajiye bayanan da suka maimaitu sau ɗaya kawai) a faifan, na'urar da za ka buɗe shi a kai ita ma sai tana da shi, in ba haka ba fayilolin ba za su karantu ba. Ka kuma lura da izinin NTFS, wato tsarin wa zai iya buɗe wane fayil, kwafi da hannu yana iya zubar da shi.

Hajiya Bilki: Don gaba, ni hanya biyu nake bi. Kwafin wata guda yana faifai, tef na ajiyar nesa ne. Sannan manyan foldoji ina tura su tef a matsayin fayiloli, da kundin sunayensu, sai na'urar ta nufi wurin kai tsaye.

Usman: Hajiya, da ƙananan fayiloli miliyoyi hakan yana jan ƙafa sosai.

Hajiya Bilki: Gaskiya ne, shi ya sa na ce manyan foldoji kawai.

Nasiru: Na samu faifan TB 8, na kulle kaset ɗin, an fara saukewa. Shadow Copies kuma na kunna yanzu.