Zotero ya hargitsa min manazarta, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Ummu Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Saura mako uku in miƙa kundin digirina na biyu, manazarta kuma ta hana ni barci. Zotero nake amfani da shi, wato manhajar da ke tsara manazarta a cikin rubutu, da salon rubuta manazarta na APA bugu na 7. Jiya Farfesa ya dawo min da babi na biyu ya sha jan biro. A wani shafin madogarar ta fito (M. Abubakar, 2016), can gaba kuma (M. S. Abubakar, 2018), alhali mutum ɗaya ne, kuma Farfesa ya ce sunan ƙarshe kaɗai yake son gani. Na goge haruffan da hannu, da na danna Refresh, maɓallin sabunta madogara, ya tambaye ni ko a bar gyaran da na yi na ce a'a, sai ga su sun dawo. Don Allah duk wanda manhajar manazarta ta taɓa yi wa irin wannan, ya faɗi yadda ta kasance da yadda ya fita.

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan kam na sha shi. Ba salon ne ya lalace ba. Ƙa'idar APA ce idan marubuta biyu suna da sunan ƙarshe iri ɗaya, a sa musu harafin farko don a bambance su. Ke kin san mutum ɗaya ne, manhajar ba ta sani ba. Ki buɗe ma'ajiyarki ki duba, za ki tarar a wata maƙalar an shigar da shi "Abubakar, M." a wata kuma an rubuta sunayensa cikakku. Ki mayar da su iri ɗaya harafi da harafi, har da ɗigo da tazara, sannan ki danna Refresh. Mu da rabin marubutanmu Abubakar ne ko Muhammad ko Abdullahi, abin ya fi damunmu. Wani ma shi da kansa yau ya rubuta Mohammed gobe Muhammad. Amma idan kin duba kin ga da gaske mutum biyu ne, ki bar haruffan, daidai suke, ki kai wa Farfesa bayani cikin ladabi.

Ɗan Zazzau: Ni tawa ta fi ta kowa ciwo. Na gama kundi mai manazarta 140 da ɗoriya, na zuba a filasha na kai shagon buga takardu a gyara min gefen shafi da teburori. Yaron shagon ba da Word ya buɗe ba, wata manhaja ce a kwamfutarsa, ya adana a kan fayil ɗina. Na dawo gida na ƙara madogara guda ɗaya tak, sai jerin manazartata ya koma layi ɗaya. Wallahi sai da na tashi tsaye. Rubutun madogarar duk yana nan a cikin babobi, amma ya zama rubutu zalla, igiyar da ke ɗaure shi da Zotero ta tsinke. Abin da ya cece ni wani tsohon kwafi da na taɓa tura wa kaina ta imel, shi ma babi ɗaya da rabi sai da na sake sakawa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kwafi biyu nake ajiyewa. Wanda zai fita daga hannuna, ko zuwa shago ko zuwa wurin malami, sai na danna masa Unlink Citations, mai raba rubutun da Zotero, tukuna. Na ainihin ba mai taɓa shi sai ni.

Aisha Likita: Ɗan Zazzau ka tuna min. Ni wata rana buɗe fayil na yi na ga duk madogarar ta koma wani dogon rubutu mai farawa da ADDIN ZOTERO_ITEM, shafuka sun ninka. Har na fara hawaye. Ashe hannuna ne ya danna wani maɓalli. Alt da F9 tare, komai ya koma yadda yake.

Baffan Yara: Ku bar batun na'ura, wani lokacin rigimar tsakanin bugu biyu ce. Malamin da ke duba ni ya saba da APA bugu na 6, ni kuma manhajata na kan bugu na 7 da ya fito a 2019. Ya yi ta zagaye min "et al." (wato "da wasu") yana rubuta "ina sauran sunayen?" A bugu na 6, idan marubuta uku ne zuwa biyar, sai ka jero su duka a karon farko. A bugu na 7, daga uku zuwa sama sunan farko kawai da "et al." tun daga fari. Haka garin da aka buga littafi, na 7 ya daina sa shi, shi kuma malam yana ta cike min "Zaria" da "Ibadan" da biro. Na ɗauko littafin ƙa'idar rubuta kundi na makarantarmu, sai na ga "APA" kawai aka rubuta, ba a faɗi bugu ba. Ban ja da shi ba, wa zai ja da mai sa masa hannu? Na sauko da salon bugu na 6 daga rumbun salo na Zotero, na canza a Document Preferences, wurin zaɓen salo, cikin minti biyu kundin duka ya juya. Sai dai garuruwan ba su fito ba sai da na koma na cike gurbin wurin bugu a littattafan da na bari fayau.

Wanda aka ce masa ya bi salon "Harvard" ma ya tambaya wanne, don ba guda ɗaya ba ne. Kowace jami'a da kowace mujalla da irin nata. Ka roƙi kundin wani da ya riga ya wuce a sashenku ka gwada da shi.

Hauwa M.: Ni sunan hukuma ne ya kunyata ni a gaban kwamitin kare kundi. National Population Commission ta fito min "Commission, N. P." kamar sunan mutum, wani malami ya karanta da ƙarfi aka yi ta dariya. A Zotero akwai ɗan maɓalli kusa da sunan marubuci da ke haɗe gurbi biyu ya zama ɗaya, nan ake sa sunan hukuma. Maigidana da ke amfani da manhajar EndNote ya ce su waƙafi suke sawa a ƙarshen sunan, shi ke nan ba ya juyawa.

Malama Binta: Bari in kawo tamu ta masu rubuta kundi da Hausa, don ba a cika tunawa da mu ba. Na farko, manyan haruffa. Wata mujalla ta nemi salon Chicago, sai sunayen littattafan Hausa suka fito da "Da" da "Na" da "A" duk da babban baƙi a tsakiyar suna, don manhajar ta ɗauka Turanci ne. Maganinsa gurbin harshe da ke cikin bayanan kowane littafi. Ki rubuta ha a wurin, za ta bar sunan yadda kika shigar da shi. APA kuma akasin haka ne, ƙananan haruffa yake so ban da farkon suna, kuma Zotero ba ya rage su da kansa. Ke za ki danna dama a kan sunan ki juya shi, sannan ki bi ki ɗaga irin su Kano da Hausa da Musulunci, don su ma yana kwantar da su.

Na biyu ya fi cin rai. A sashenmu "da wasu" ake so maimakon "et al.", "da" maimakon alamar &. Na duba jerin harsunan manhajar ban ga Hausa ba. Wata uku ina gyarawa da hannu yana komawa, har wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya zauna da ni ya buɗe wurin gyaran salo, ya canza kalmomin a cikin fayil ɗin, bai fi layi biyar ba. Ya ce lallai a sauya wa salon suna da lambar shaidarsa kafin a adana, in ba haka ba ranar da aka sabunta APA gyaran zai tafi. Yanzu fayil ɗin nan yana yawo a wayoyin 'yan ajinmu.

Injiniya Kabiru: Masu manhajar Mendeley ina kuke? Ni na sayi sabuwar kwamfuta na nemi tsohon Mendeley Desktop, ashe tun 2022 kamfanin Elsevier mai shi ya daina bayar da shi, sai sababbin, Reference Manager da Mendeley Cite mai aiki a cikin Word. Word ɗina tsoho ne, Cite ya ƙi shiga. Na kwashe ma'ajiyata na koma Zotero. Abin da ya biyo ni shi ne maimaici: maƙala ɗaya ta shigo sau biyu, sai ta riƙa fitowa 2019a da 2019b. Kada ku goge ɗaya, madogarar da ke jingine da ita za ta zama marainiya. Haɗe su ake yi a sashen Duplicate Items.

Aisha Likita: Ƙari kaɗan ga 'yan asibiti masu salon Vancouver. Idan mujalla ta ce a taƙaita sunayen mujallu, akwai akwatin MEDLINE a Document Preferences, ku sa masa alama. Kuma ku rage kwaso bayanai daga Google Scholar, sau da yawa ba lambar fitowa ba shafi. Ku sa lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, a maɓallin Zotero ɗin nan mai kama da sandar tsafi, ya fi kawo su cikakku.

Ummu Khalil: Allah ya saka da alheri. Malam Ɗanjuma, yadda ka faɗa haka na tarar, sau uku na shigar da mutumin nan kuma kowanne daban. Na daidaita, haruffan sun ɓace. Na kuma yi kwafi na biyu tun kafin in je shago. Saura guda: ina da hirarraki 6 da na yi da dattawa a ƙauye, Farfesa yana so su fito a jeri na daban a ƙarƙashin manazarta, manhajar kuma tana cusa su cikin littattafai. Malama Binta, ku yaya kuke yi da naku?