Neman kalmar Hausa: ruwan da ke barin gona ya hau sama

1/ 'Yan uwa masu nazarin harshe da malaman gona, ina neman shawararku. Ina shirya darasi kan noman inabi a ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, domin manoman rani na fadamar Kwalkwalawa, sai na ci karo da kalmar da Turawa ke kira ibafotiransifireshan, wadda harshe ba ya iya ɗauka, balle kunnen manomi.

2/ Abu biyu ta haɗa: ruwan da rana da iska ke ɗebewa daga fuskar ƙasa, da kuma wanda saiwa ke tsotsa ya bi jikin shuka ya fita ta ƙananan ƙofofin ganye. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin lissafinsa a 1998, kuma da milimita ake auna shi. Milimita 1 a fili mai hekta 1 daidai yake da lita 10,000, wato gonar da ke rasa milimita 6 a yini ta yi asarar lita 60,000 ba tare da mai ita ya ga ɗigo ya tashi ba.

3/ A Turfan ta ƙasar Sin, inda ruwan shekara bai kai milimita 20 ba, ana noman inabin zabibi da ruwan ƙanƙarar duwatsu, kuma ta ramukan ƙarƙashin ƙasa ake jawo wani ɓangarensa domin kada rana ta shanye shi a hanya. Wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ya san dalilin wannan wahala.

4/ An ba ni "tururi", amma tururi ana ganinsa a kan tukunya, wannan kuwa ba a gani. An ba ni "ƙafewa", kuma na daɗe ina jinjina ta. Matsalarta ita ce idan tafki ya ƙafe, ba mu bambance ruwan da ya nutse ƙasa da wanda ya hau sama, alhali ga mai ban ruwa bambancin shi ne komai, domin wanda ya nutse saiwa na iya riskarsa, inabi ma doguwar saiwa gare shi. "Zufar ganye" tana da daɗin ji, kuma gaskiya ne fitar ruwan na sanyaya ganye kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, sai dai manomi zai ɗauka raɓar asuba ake nufi.

5/ Ni dai na tsaya kan "tashin danshi". Tana rabuwa ba tare da tilas ba: tashin danshin ƙasa, wanda ake rage shi da shimfiɗa ciyawa ko ban ruwa na ɗigo-ɗigo, da tashin danshin ganye, wanda inabi ke rage shi da kansa ta rufe ƙofofin ganyensa idan ƙishi ya matsa. Malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya ƙara ilimi, idan manoman Wurno ko Goronyo na da kalmar da suka riga suka saba da ita, a kawo mana, ita zan sa a darasin.