Hayis ɗina na zafi a Hawan Kibo, wa ya taɓa fama da haka?

Direban layin Jos: Salamu alaikum 'yan'uwa. Hayis nake ja, Jos zuwa Akwanga. A tafiya lafiya lau, amma a dawowa, da na kama Hawan Kibo da cikakken lodi sai allurar zafi ta miƙe, har kujerata ta ɗau ɗumi, tunda injin a ƙarƙashinta yake. Kullum da safe sai na ƙara ruwa kusan lita 1. Bakanikena ya ce a cire tamostat, wato abin da ke tare ruwan inji har sai ya ɗau zafi sannan ya sake shi zuwa lagireto, a huta. In yarda?

Mai Sharon: Wa alaikumus salam. Kada ka yarda, maigida. Ni na cire tawa, mota ta koma shan mai kamar rijiya, da sanyin hunturu kuwa sai mu yi nisa inji bai ɗumama ba. Zafin kuma bai daina ba. Ka sa a jefa tamostat ɗin a tukunyar ruwa a kan wuta, mai lafiya tana buɗewa wajen digiri 82. In ta ƙi, ka sayi sabuwa.

Tsohon direba: Yaro, tambayar da za ka yi ita ce: ina ruwan yake zuwa? Motar da ke shan lita kullum tana zubarwa ne a wani wuri. Ni wata uku na yi ina wahala, na canja hos, na canja fanbel, ashe murfin lagireto ne, robarsa ta mutu. Murfin nan da ake rainawa shi ke matse ruwa, ya hana shi tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In ya saki, ruwa ya tafasa da wuri, ya bi ta ƙaramin tiyo ya tsiyaye a hanya, ba ka gani ba. Kuɗinsa bai kai na abincin rana biyu ba. Sannan don Allah kada ka buɗe shi da zafi. Yaron motata ya yi haka a Kwanar Ɗangora, har yau tabon na hannunsa.

Mai ɗaukar kaya: Ni ruwan rijiya ya cuce ni. Shekara biyu ina ɗura shi, da aka buɗe lagireto rabin bututun sun toshe da tsatsa da farin gishiri. Yanzu kulan, wato ruwan sanyaya inji na kanti, kawai nake sawa. Masu fasa ƙwai a ciki don toshe yoyo kuma, Allah Ya shirya.

Bakanike a Kaduna: Alhaji, kafin ka tayar da ita da safe, buɗe murfin, sannan ka kunna. In ruwa na ta kumfa ba tsayawa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko salansa na farin hayaƙi, gasket ya ƙone, ajiye ta. In babu, duba kulocin fanka: inji da zafi, a kashe, ka juya fankar da hannu. In ta yi ta juyawa sakayau, ya mutu.

Direban layin Jos: Na gode, Baba, na gode kowa. Babu kumfa, alhamdulillahi. Murfin ne ya lalace, kuma ƙura da ciyawa sun cushe gaban lagireton. An wanke, na sa sabon murfi, tamostat tana nan. Jiya na hau Kibo da cikakken lodi, allura ba ta wuce rabi ba.