Ajin manya a cocinmu ya watse sau biyu, ta ina za mu sake kama shi?

Mai tambaya:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Majalisar dattawan ikkilisiyarmu ta Presbyterian ta ɗora mini nauyin farfaɗo da ajin koyarwa na manya a sashen Hausa. An buɗe shi sau biyu, duk ya watse kafin wata uku: a fara da mutum 40, a ƙare da 6. Yawancinsu manoma ne da 'yan kasuwa, kusan rabi ba sa karatu sosai, wasu kuma daga ECWA ko Baptist suka zo mana. Me za mu koyar, yaushe, kuma yaya za mu riƙe mutane?

Amsa ta farko:
Baba dattijo, sannu da ɗawainiya. Abin da ya fi kashe ajin manya shi ne a buɗe shi ba ranar rufewa. Magidanci ba ya ɗaukar alkawarin da bai ga ƙarshensa ba. Ku yanka shi zango-zango, mako 12 kowane zango, a sanar da ranar farawa da ranar gamawa tun daga bagade, a rubuta suna, a huta wata guda tsakani.

Abin koyarwa kuwa yana gidanku. Gajeren Katekizim na Westminster, wanda aka kammala a Ingila a 1647, tambaya da amsa ne guda 107, kuma da kansa ya rabu uku. Tambaya ta 1 zuwa 38 a kan abin da muka gaskata game da Allah, halitta, faɗuwar mutum, da aikin Almasihu: zango na ɗaya ke nan, kusan tambaya uku a mako. Ta 39 zuwa 81 a kan Dokoki Goma, zango na biyu, kusan doka guda a mako. Ta 82 zuwa 107 a kan bangaskiya, tuba, baftisma, Jibin Ubangiji da Addu'ar Ubangiji, zango na uku. Shekara guda ta wadatar. Idan na Turanci ne a hannunku, mutum biyu su fassara tambayoyin kowane mako, fasto ya duba kafin a raba, domin kalmomi kamar "baratarwa" da "tsarkakewa" in aka saki kowa ya fassara yadda ya ga dama, sai a gwamutsa su.

Amsa ta biyu:
Na yarda da maganar zango, amma ban goyi bayan a fara da katekizim ba. Mutanen da aji ya watse a hannunsu sau biyu, in suka ji hadda a makon farko, za su ce an mai da su yara. A fara da Bisharar Markus. Sura 16 ce kawai, labari ne mai gudu, wanda bai iya karatu ba ma yana kama shi da kunne. Bayan sun saba buɗe baki, sai a shiga katekizim.

Ga yadda minti 60 zai tafi. Minti 5 waƙa da addu'a. Minti 10 a karanta nassin da ƙarfi sau biyu, da muryoyi biyu dabam. Minti 10 a rufe Littafi, wani ya maimaita labarin da bakinsa, sauran su cike abin da ya tsallake. Wannan matakin kada a taɓa barinsa, a nan ne tsohuwar da ba ta san baƙi ba take gyara wa mai digiri, kuma daga ranar ba ta ƙara fashi. Minti 20 a rabu ƙungiya-ƙungiya, mutum 6 zuwa 8, da tambaya uku kacal: me nassin ya ce, me yake nufi, me za mu yi da shi a wannan mako. Minti 10 malami ya tattara, ya gyara kuskuren koyarwa idan akwai. Minti 5 addu'a.

Idan malami ya yi magana fiye da sulusin lokacin, ajin ya zama wa'azi na biyu, kuma babu mai zaman wa'azi biyu a rana ɗaya da yunwa. Kada kuma a riƙa zagayawa ana cewa kowa ya karanta aya ɗaya. Mai ƙin-ƙina a karatu zai ji kunya a gaban matarsa ko surukinsa, mako mai zuwa ba za ku gan shi ba. Masu karatu su ba da kansu tun kafin ranar. A kuma tsaya a kan fassarar Littafi Mai Tsarki guda: in wani na riƙe da tsohon juyi na 1932, wani na 1979, rabin lokaci zai tafi a gardamar kalma.

Amsa ta uku:
Baba, lokaci fa. Ranar Lahadi, awa guda kafin sujada, ya fi yammacin tsakiyar mako, don kuɗin mota sau ɗaya ne. Bayan sujada kuwa tarurrukan zumuntar mata da na matasa za su cinye muku mutane. Kada ku buɗe zango a farkon damina ko tsakiyar girbi, kuma Disamba ta Kirsimeti ce da bukukuwan aure. Ku duba ranar kasuwar garinku ma.

Mata masu goyo ba ƙin zuwa suke yi ba, rashin mai riƙe yara ne. A sa ajin ya zo daidai da makarantar Lahadi ta yara, a ajiye 'yan mata biyu don ƙanana. A fara a kan lokaci ko da mutum 4 ne, domin jiran masu latti horo ne ga masu sammako. Kowace ƙungiya ta sami mai rajista. Wanda ya yi fashi sau biyu a jere a je gidansa a gaishe shi, ba a kira sunansa a coci ba.

Amsa ta huɗu:
Batun waɗanda suka zo daga ECWA da Baptist nake so in taɓa, don a nan wuta take tashi. Sun girma da baftismar manya ta nutsarwa, ku kuwa kuna yi wa 'ya'yan masu bi baftisma, tambaya ta 95 a katekizim ma ta faɗe shi a fili. Kada a bari ta faɗo kwatsam a bakin malamin da bai shirya ba. A ware mata mako biyu, fasto da kansa ya ɗauka. A karanta Farawa 17, Ayyukan Manzanni 2:39, da baftismar gidan Lidiya da na mai tsaron kurkuku a sura 16. A kuma faɗi hujjar ɗaya ɓangaren da adalci, yadda mai ita zai ji ya ce e, haka muka gaskata. Mutum yana iya zama cikin salama da koyarwar da bai gama gamsuwa da ita ba, amma ba zai zauna inda aka rena cocin iyayensa ba.

Malamai kuma kada ya zama mutum ɗaya. Aƙalla uku, majalisar dattawa ta amince da su, a rubuta a littafin taro, su riƙa haɗuwa da fasto minti 30 kowane mako don bitar darasi mai zuwa. Tambayar da ta fi ƙarfin malami a rubuta ta, a kawo amsa mako mai zuwa, ya fi a yi shaci-faɗi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya sa albarka. Zan kai wa majalisa shawarar farawa da Markus. Saura abu ɗaya: sura 16 cikin mako 12, yaya za a raba?

Mai amsa ta biyu:
Ba dole a karanta kowace aya a aji ba, Baba. Mako 6 don sura 1 zuwa 8, a tsaya a shaidar Bitrus a 8:29. Mako 3 don sura 9 zuwa 13. Mako 3 na ƙarshe sura guda-guda, 14, 15, 16. Kowane mako a zaɓi aya 15 zuwa 20 don aji, ragowar a karanta a gida lokacin addu'ar iyali, yaran makaranta su karanta wa iyayen.