Musayar Waƙa a Kan Uba, Ɗa da Littafi

Mai Zauren Karatu, Kano:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota waƙa. A shekarar 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙone littattafan ƙagaggun labarai na Hausa a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa zargin suna ɓata tarbiyyar matasa, kuma har yau akwai masu ganin hakan ne mafita. Ni ban gamsu ba. Duk wanda zai amsa mini, don Allah ya riƙe amsa-amon "ya".

Da sunan Wanda ya fara wahayi da Iƙra,
Umarnin karatu, shi ne mafarin shiriya.

An tara littattafai an cinna musu wuta,
Aka ce da hakan za a gyara tarbiyya.

Takarda ta ƙone, toka ta bi iska,
Amma son labari yana nan cikin zuciya.

Marubuta suka tattara suka koma
WhatsApp da Wattpad, suka buɗe wata hanya.

Littafin da a da uba kan tsinta a kan gado,
Yau ba ya ganinsa, ya shige cikin waya.

Shi ya sa nake kira ga iyaye maza,
Ku zauna ku yi karatu tare da ɗa da ɗiya.

Uwargida, Gusau:
Wa alaikumus salam, Malam. Na ji bayaninka, sai dai ni uwa ce, kuma ina da ja.

Malam, ka faɗi rabin magana ka bar rabi,
Bari in cika maka don mu tsaya kan gaskiya.

Cikin littattafan da ake ba da haya lokacin,
Akwai masu batsa, ba su da ko ɗigon kunya.

Yarinya kan cusa shi cikin littafin lissafi,
Malami na bayani, ita tana wata duniya.

Idan hukuma ta naɗe hannu ta zuba ido,
Wa zai tsaya wa 'ya'yanmu ya zama kariya?

Uban da kake kira ya fita tun asuba,
Sai dare ya dawo, jikinsa duk ya sha wuya.

Tela, Tudun Wada:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ki ba ni dama in amsa da abin da nake yi a gidana.

Hajiya, ni ne uban da kika siffanta,
Ƙafata na kan keken ɗinki tun da safiya.

Amma bayan isha'i nakan shimfiɗa tabarma,
In ƙara hasken fitila, in kira zuriya.

Ƙaramar takan ɗora yatsa a kan layi,
Tana haɗa baƙi da wasali da 'yar murya.

Babbar ta kawo mini littafin da ta aro,
Muka bi shi shafi-shafi, ni da ita, baki ɗaya.

Inda marubuciya ta yi daidai muka yaba,
Inda ta kauce sai na tsaya na yi tambaya:

"Da ke ce a wannan hali, me za ki yi?"
Amsar da ta bayar ta sa na yi wa Allah godiya.

Da na fizge shi na jefa a cikin murhu,
Da gobe ta aro wani ta shige ɗaki ta ɓuya.

Malamar Makaranta, Sakkwato:
Ina tare da Malam Tela, kuma ina so in tuna mana cewa uba mai koyar da 'yarsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Shehu Usmanu ya soki malaman zamaninsa,
Masu koyar da na waje, su bar iyali a baya.

Nana Asma'u a gidansa ta tashi da alƙalami,
Waƙa da Larabci, Fulatanci da Hausa duk ta iya.

Ta ɗora wa jaji, malamar mata, malafa ta tura ta ƙauyuka,
Mata ɗalibanta, 'yan taru, suka zama babbar ƙungiya.

A 1939 jarida ta fito da harshenmu,
Gaskiya Ta Fi Kwabo, daga birnin Zariya.

Yaƙi da Jahilci ya zaunar da magidanta a aji,
Masu furfura suka koyi rubutu ba jin kunya.

A 1980 Gwamna Rimi ya kafa hukumar ilimin manya a Kano,
Don wanda boko ya wuce shi ya samu ya iya.

Hajiya, batsa abin ƙi ce, ban musa miki ba,
Amma haramci ba ya tsayawa kan mutum ɗaya.

A 2008 a Kano an ce marubuta su je su yi rajista,
Mai gyara da mai ɓarna aka sa su a layi ɗaya.

Uwargida, Gusau:
Malama, na karɓi wannan, amma da sauran rina a kaba.

Na yarda uba ya fi wuta sanin 'yarsa,
Sai dai har yanzu ina riƙe da wata tambaya.

Maigidan da bai san baƙi ko wasali ba,
Ta yaya zai bi littafi ya gane inda ke da ƙaya?

Mai Zauren Karatu, Kano:
Tambayarki tana kan hanya, Hajiya, kuma dominta muka raba zaman unguwarmu gida biyu.

Ran Asabar bayan la'asar yara ke zuwa,
Kowane da ubansa ko kawunsa, ba shi ɗaya.

Bayan magariba kuma zaure na magidanta ne,
Direba da mahauci suna koyon haɗa baƙi da biya.

Wanda bai kai ga iyawa ba, ɗansa ya karanta,
Shi ya saurara, ya yi gyara da sanin duniya.

Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne littattafan yara,
Duk mai su a akwati ya fiddo su daga ajiya.

Malam Tela, muna roƙon ka ɗinka mana jakunkuna,
Don masu aro su kai gida su dawo da su lafiya.