Layinmu ya zama garejin 'yan kasuwa: ku da kuka taɓa fama da wannan, yaya kuka yi?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune a Fagge a Kano, a wani layi da ba shi da nisa da kasuwar Kantin Kwari. Daga ƙarfe tara na safe zuwa bayan magariba layin nan ba namu ba ne. Hagu da dama motocin 'yan kasuwa, tsakiya 'yan kura da 'yan dako, ga kuma adaidaita masu yankowa ta ciki don kauce wa gosulon titin Ibrahim Taiwo. Yara in za su Islamiyya sai dai su bi ta bakin kwata suna dafa bango.

Ranar Asabar za a zauna a ƙofar gidan mai unguwa, kuma tun yanzu kai ya rabu. Matasa sun ce a haɗa kuɗi a sa get a bakin layi. Wasu dattawa sun ce a bar masu motoci su ci gaba da ajiyewa, amma su riƙa biya a gyara kwalbati. Wasu kuma sun ce hanya ta gwamnati ce, ba mu da hurumin hana kowa. Don Allah wanda unguwarsu ta taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari. Abin da ya faru da ku nake so in ji. Zancen "ya kamata gwamnati" mun sha shi har ya ishe mu.

Maman Ƴan Biyu

Wa alaikumus salam. Ni dai ku sa get ɗin. Ƙanwata naƙuda ta kama ta da rana tsaka, maigidanta ya buɗe gareji zai fito da mota, ya tarar da wata ƙatuwar jif an manna ta a bakin ƙofar, ko keke ba zai fita ba. Aka tambayi mai shayi, aka tambayi mai faci, babu wanda ya san mai ita. Har a lasifikar masallaci aka karanta lambar motar. Ƙarshe mata ne suka tallabo ta, tana tafiya tana durƙusawa, har bakin titi aka sa ta a adaidaita. Allah ya taimaka ta sauka lafiya. Mai motar sai bayan la'asar ya zo yana kaɗa mukulli, wai "ai minti biyar na ce zan yi". Ko haƙuri bai bayar da kyau ba.

Mai Shago a Kwari

Hajiya, Allah ya raya abin da aka samu. Wanda ya yi muku haka bai kyauta ba, ba zan kare shi ba. Amma tunda gaskiya ake so, bari in faɗi tamu.

Ni ina cikin masu ajiye mota a layukan Fagge. Ba don ina so ba ne. Duk wani fili da a da ake fakin a kewayen kasuwa an gina shi, an yi shaguna hawa-hawa, kuma da wuya ka ga ginin da aka bar wa ko wurin mota biyar. Baƙi kuma ba su fasa zuwa ba: daga Maiduguri, daga Maraɗi da Damagaram, har daga Chadi da Kamaru ake zuwa sarin atamfa da shadda. Ina za a kai motocin?

Sannan Ɗan Fagge, ka duba layinku da kyau. Gida nawa ne aka fasa garejinsa aka mayar da shi sito ana ba mu haya? Zaure nawa aka mayar shago? Mai gidan ya karɓi kuɗin shekara, ya fito da tasa motar ya ajiye a kan hanya, sannan ya zo taron unguwa yana cewa 'yan kasuwa sun hana su sakat. Kuma kullum sai na ba yaran layin kuɗin gadi. 'Ya'yan wa ne? Ba daga Kwari muka zo da su ba.

Ɗan Fagge

Alhaji, maganar gareji ta shige ni, domin na maƙwabcina ma dilolin yadi ne a ciki. Zan faɗe ta ranar Asabar ko da za a harare ni.

Malamin Firamare

Ni ban da mota, ban da shago, amma ina da abin cewa, don duk wannan jayayyar tsakanin masu mota ne da masu mota. Mai keke ko a lissafi ba ya ciki.

Da babur ɗina nake zuwa aiki. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta haura 1,000. Albashin malamin firamare kowa ya san shi. Na jingine babur, na sayi keken gwanjo mai giya. Daga Kurna nake biyo titin Katsina kowace safiya, kuma ba ni kaɗai ba ne: masu gadi, teloli, leburori, ɗalibai, har da wani da nake haɗuwa da shi sanye da rigar ma'aikatan asibiti.

Ga yadda tafiyar take. Gefen titi na dama, inda ya kamata mai keke ya bi, nan yashi yake taruwa, nan mai lemo ya kafa teburinsa, nan aka ajiye motoci. Dole ka karkato tsakiya. Kana karkatowa mai adaidaita ya sha gabanka ya ja birki don ya hango fasinja, babu sigina babu komai. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ƙofar mota ce. Mutum ya yi fakin, ko madubi bai duba ba, ya banko ƙofa. Haka aka yi min wata safiya, kafaɗata ta daki ƙofar, na zube a kwalta, littattafan yara da na ɗaure a kariya suka watse, tayar gaba ta lanƙwashe. Mai motar ya fito, fentinsa ya fara dubawa kafin ya dube ni.

Gadojin nan da aka yi, na sama da na ƙasa, sun taimaki masu mota, ban musa ba. Amma ka gwada shiga gadar ƙasa ta Ƙofar Ruwa a kan keke, tirela na bin bayanka tana hon. Ni ta sama nake zagayawa, gara in makara.

In ka isa kuma, ina za ka ajiye? Banki, asibiti, ofis, ko'ina akwai wurin mota, amma mai gadi zai ce maka "Malam fitar da kekenka waje". A waje kuma ɓarayin keke sun dawo da ƙarfinsu. Shi ya sa nake cewa Ɗan Fagge, kowane irin tsari za ku yi, ku bar wa mai ƙafa da mai keke hanya, kuma in da hali a kafa ƙarfe guda a gefen masallaci inda mutum zai ɗaure kekensa da kwaɗo. Wurin mota ɗaya zai ɗauki keke kusan goma.

Mai Adaidaita

To, an zo kanmu, dama na san za a zo. Malam, ka yi haƙuri, cikinmu akwai yara marasa kan gado, wasu ko gemu ba su fara ba an ba su mashin. Amma ka tambayi kanka: a ina aka ware mana wurin tsayawa? Fasinja a tsakiyar hanya yake cewa "a nan", in ka wuce da shi taku goma ya hau ka da faɗa. Ga balas da mai mashin ke jira kowace yamma, ga mai, ga tikiti.

Ni tsohon ɗan acaɓa ne. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a Kano. Dubban mutane muka koma adaidaita, abin da zamanin Malam Shekarau aka kawo don ɗaukar mata. Babur ɗaya da adaidaita ɗaya ba faɗinsu ɗaya ba, titunan cikin gari kuma ba a ƙara musu faɗi ba. A 2022 aka ce mu daina aiki daga goman dare zuwa shida na safe, sai kowa ya matse neman kuɗinsa da rana. Layinku kuwa, Ɗan Fagge, in kun rufe za mu bi na bayanku. Ba mugunta ba ce, fasinja ne ke cewa a yanke.

Malamin Firamare

Na ji uzurinka ɗan'uwa. Sigina dai ba ta cin mai.

Mazaunin Gandun Albasa

Mu mun sa get, don haka ku saurare ni kafin ku kira mai walda.

Tamu matsalar ba kasuwa ba ce, wani ɗakin taron biki ne da aka buɗe kusa da mu. Juma'a zuwa Lahadi in ana kamu ko dina, motoci har bakin ƙofar kowa. Muka yi karo-karo aka haɗa get mai ƙyaure biyu, aka ɗauki mai gadi. Watannin farko mun ji daɗi, yara har ƙwallo suke bugawa a layi.

Sai matsaloli suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na farko, duk motocin suka koma layin bayanmu, mutanen da muke sallah sahu ɗaya da su suka daina amsa mana gaisuwa da daɗi. Na biyu, kuɗin mai gadi: gida talatin da wani abu, amma masu biya ba su kai rabi ba. Da albashi ya tsaya ya tafi, mukulli ya koma hannun wani dattijo. Wata rana cikin dare wuta ta kama a wani gida saboda wayar lantarki, 'yan kwana-kwana suka zo suka tarar da get a kulle, dattijon kuma ya tafi ƙauye ta'aziyya da mukullin a aljihu. Da guduma aka fasa kwaɗon. Ba a rasa rai ba, amma ɗaki biyu sun ƙone ƙurmus.

Yanzu get ɗin na nan a buɗe dare da rana, an tokare shi da bulo. In har za ku sa, ku fara zuwa ƙaramar hukuma da hukumar tsara birni a san da zamansa, ku yanka mukulli da yawa, kuma ku gayyaci mutanen layin baya zuwa taron. Mu ba mu gayyace su ba.

Baba Tsohon Ma'aikacin Masaka

Jikana ne yake rubuta min wannan. Malamin makaranta, Allah ya yi maka albarka, kada ka ji kunyar kekenka. Lokacin da masana'antun Bompai da Sharaɗa ke aiki, in aka tashi da yamma titi cika yake da kekuna, ƙararrawa kawai kake ji. Kowace masana'anta da rumfar ajiye keke a bakin ƙofa. Mai keken Raleigh sabo fil a lokacin ba ƙaramin mutum ba ne, har ado ake yi masa. Zamanin En'e ma keke lasin gare shi, kuma in dare ya yi ba ka da fitila sai ɗan doka ya tare ka. Wato hukuma ta san da zaman mai keke. Layukan Fagge da kuke magana, ba don mota aka yanka su ba, balle a jera ta sahu biyu.

Ɗalibar Jami'ar Bayero (BUK)

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da ya dame ni, ku maza kuna da zaɓi. Mai ya yi tsada, kun hau keke. Mu fa? Yarinya tana hawa a tsakar gida, tana girma a ce ta bari. Saura ƙafa ko adaidaita. In kuɗin mota ya ƙare ƙafa ce, kuma gefen titin da aka yi don masu tafiya duk an cinye shi: mai janareto, mai gwanjo, mai wankin mota, mai suya. Sai ki sauko kwalta da hijabinki ana danna miki hon kamar ke ce mai laifi.

Wata 'yar ajinmu da ta yi zama a Wagadugu ta ce can mata da kekunansu da baburansu suke zuwa kasuwa, kuma wasu manyan tituna an ware wa masu ƙafa biyu hannunsu daban. Ban ce a kwaso komai ba. Amma a taronku na Asabar, akwai mace ko ɗaya da za a ji ta bakinta? Su ne ke wuni a layin.

Maman Ƴan Biyu

Faɗa musu dai, ƙanwata. A ƙofar gida za su zauna su yanke, mu ji a bakin yara.

Wani Ɗan Kwamiti daga Ƙofar Wambai

Mu ba mu sa get ba, kuma abin ya ɗan yi sauƙi, ban ce ya warke ba. Mun je mun sami shugabannin 'yan kasuwar da ke kusa da mu, aka yi zama da mai unguwa da liman. Aka amince fakin hannu ɗaya kawai, ɗaya hannun a bar shi fayau. Aka sayi fenti aka ja layi a bakin kowace ƙofa da kowane lungu, ta yadda ko makara aka fito da ita za ta juya. Duk wanda ya ajiye mota ya rubuta lambar wayarsa a takarda ya sa a gilashin gaba. Manyan motocin kaya su sauke da sassafe ko bayan isha'i. Yaran da ke karɓar kuɗin gadi muka zaɓi huɗu, aka ɗinka musu riga, rabin abin da suka tara nasu, rabi na yashe kwata kafin damina.

Inda muka sha wuya ba wurin 'yan kasuwa ba ne. 'Yan unguwa ne. Akwai mai motoci uku da ya ce ƙofar gidansa tasa ce har tsakiyar titi, ya jera duwatsu da tsofaffin tayoyi. Akwai masu kafa kanofi su rufe layi kwana uku don biki ba tare da sun gaya wa kowa ba. Zaman makoki ba a magana, wannan kowa na ɗauke kai. Amma in kuna son baƙo ya bi doka, sai ya ga ɗan gida na bi.

Mai Shago a Kwari

Wannan tsarin ni zan iya bi, kuma zan iya jawo maƙwabtan shagona. Lambar waya a gilashi ma daga gobe zan fara. Sharaɗina ɗaya: kuɗin da za mu biya a ba mu rasit, a kuma manna lissafin a bangon masallaci duk wata. Mun taɓa biyan kuɗin kwalbati a wani layi shekara guda cur, har yau ramin na nan, sai ma faɗi da ya ƙara.

Ɗan Fagge, ƙarfe nawa ne zaman? In bayan la'asar ne ba zan samu ba, lokacin ciniki ne. Ku mayar da shi bayan isha'i, in zo da mutum biyu daga layinmu na kasuwa.