Abin da aka tattauna kan zuwa gandun dajin Dinder da ke ƙasar Sudan

'Yan uwa na Maiurno da Sinnar, ga abin da na tattara:

1. Kowa ya yarda kada a je da damina. Daga Yuni zuwa Oktoba baƙar laka kan riƙe mota, hanya ta yanke.

2. Rani ne lokacin ganin dabbobi, domin ɓauna da gadu kan taru a bakin tafkuna.

3. An rabu kan watan da ya fi dacewa a je. Wasu sun ce Disamba da Janairu saboda sanyi. Wasu sun ce Maris, ciyawa ta kwanta, ana gani sosai, sai dai zafi. Mai tafiya da yara, ina ganin ya bi na farko.

4. Guzuri: ruwan sha, gidan sauro, rigar sanyi.

5. Tun yaƙin 2023, a fara tambayar lafiyar hanya kafin a ɗaura niyya.